Makunnin da Isaiah Ya Ɓoye

Alhamis, 29 ga Satumba 1966, bayan la'asar

A baki ban taɓa kiran maigidana da sunansa ba, amma a littafin nan Amos zan rubuta, don yau ya ɓata mini rai. Da azahar ya iso da motar auduga ta Alhaji wadda yake tuƙawa, ya tsayar da ita ƙofar gida ƙarƙashin ɗorawa. Ya ɗaga tamfol, sai ga Maman Judith da 'yarta kwance kan buhuna, ko takalmi babu. Matar Isaiah ce, makaniken da ke gyara masa mota a Funtua, mutanen Gabas ne. Mun sha zama benci ɗaya da ita a majami'a in na je gari.

Na ce lafiya? Ya ce, "Liatu, kada ki tambaye ni komai. Sa su a rumbun dawa, ki mayar da murfi."

Na ce to ya wuce da su tashar jirgin ƙasa ta Zariya mana, ga mota ga mai, me za su yi a ƙauyenmu? Ita ce ta ƙi. Ta ce ba ta taka ko'ina sai da mijinta, ya fita gareji da safe bai dawo ba. Sai Amos ya rataye makullin mota a ƙusa, ya ja keke, wai mota tana jan ido a gari yau, zai koma ya nemo Isaiah. Ya ce gobe da hantsi yana gida. Ko ruwa bai tsaya ya sha ba.

Juma'a, 30 ga Satumba, hantsi

Bai dawo ba.

Juma'a, da yamma

Buba, wani ɗan ƙauyenmu, ya wuce ta bayan danga da keken ɗinki a ka, yana haɗa gumi. Buba da ko maɓalli bai iya ɗinkawa ba. Na yi masa sannu, bai kalle ni ba.

Na hau tsani na miƙa musu tuwo da ruwa. Rumbun zafi gare shi kamar tanda. Yarinyar shekararta shida, ba ta yi kuka ba, sai dai ta ce, "Inna, akwai ɓera a nan." Hausarta tsaf, ta fi ta uwar nesa.

Asabar, 1 ga Oktoba, azahar

Sulemanu ƙanen Amos ya dawo daga kasuwar Kafur. Babu wanda ya ga yayansa. Abin da ya ji game da garejin Isaiah kuwa ba zan rubuta ba. Ban gaya wa Maman Judith ba, amma ta leƙo fuskata daga cikin rumbu, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "In mota ta tashi, zan tafi. Saboda yarinya."

To, Sulemanu ya iya tuƙi. Na ba shi makulli, ya shiga, ya murɗa. Injin ya yi gur-gur-gur, bai kama ba. Ya sake. Ya sake. Sai ya kifa kai a sitiyari ya ce, "Maigadi ne." Ni kuwa na manta da shi sarai.

Bari in rubuta yadda abin yake, ko zuciyata ta yi sanyi. Bara da kakar auduga ɓarayi suka sace motoci biyu a Funtua da rana tsaka, direbobi sun shiga cin abinci. Shi ne Isaiah ya fara sa wa motoci wani ɗan makunni a ɓoye, mai yanke wutar injin. In ba ka taɓa shi ba, ko da makulli a hannunka mota ba ta tashi. Direbobi suka sa masa suna maigadi. Kuma Isaiah yana da dokarsa. Sai ya zagaye motar da zana, ya kori kowa har masu koyon aiki, ya yi aikin shi kaɗai. Ba ya sa shi wuri ɗaya a mota biyu. In ya gama ya nuna wa direba kaɗai, ya sa shi ya dafa sitiyari ya yi alkawari ba zai gaya wa mai mota ba, ba zai gaya wa matarsa ba.

Ranar da aka sa wa tamu, Amos ya dawo yana ta washe baki. Na ce nuna mini. Ya ce ya yi alkawari. Na ce au, ni ma ɓarauniya ce? Ya ce, "Ba ɓarauniya ba ce, amma baki gare ki. Kafin Lahadi duk matan majami'a sun sani." Har dariya na yi a lokacin, shashasha da ni.

Mutum biyu ne a duniya suka san inda yake, kuma babu ko ɗaya a nan.

Lahadi, 2 ga Oktoba, bayan sujada

An yi sujada a gurguje, ko waƙa ba a ɗaga murya ba. Mata suka tambaye ni ina maigida, na ce yana Malumfashi wajen Alhaji. A ƙofar majami'a na yi ƙaryar, kuma ko ɗar ban ji ba.

Talata, 4 ga Oktoba, la'asar

Kwana uku ke nan ni da Sulemanu muna lalube. Na rufa tamfol a gilashi don kada masu wucewa su ga mace a gaban mota. Na bi ƙarƙashin kujera da hannu, na bi bayan sitiyari, na bi jikin ƙofa, na taɓa duk wani noti da ya yi kama da abin taɓawa. Sulemanu ya kwanta a ƙasa yana bin wayoyi. Ya bi wata ja har ƙarshenta, ashe ba ta zuwa ko'ina, Isaiah ya sa ta ne don ya wahalar da ɓarawo. Ya bi ta biyu, ita ma haka. Kai, Isaiah! Allah ya ba ka hannu, ga shi mu yake ci.

Abin da na samu: goro biyu da suka bushe, da hular da ya ce ta ɓace tun Ista, da wani ɗan mataji wanda ba nawa ba ne. In ya dawo za mu yi magana a kan matajin nan.

In ya dawo.

Na tambayi Maman Judith ko mijinta ya taɓa nuna mata. Ta yi wata 'yar dariya, ta farko tun zuwanta. Ta ce, "Shekara goma sha ɗaya ina kai masa abinci gareji. In zana na tsaye, a waje nake ajiye kwano."

Laraba, 5 ga Oktoba, safe

Sulemanu ya kashe batir da yawan murɗawa. Na zage shi tas, sannan na zauna na yi kuka, ya tsaya kaina yana ba ni haƙuri, shi da aka zaga.

Alhamis, 6 ga Oktoba, da yamma

Na aiki Sulemanu Malumfashi wurin Alhaji mai motar, ba tare da ya faɗi dalili ba. Alhaji ya ce shi ma bai sani ba, shi da kansa ya ce kada a gaya masa. Ya ce a bar mota inda take sai ƙura ta lafa. Makanikai kuwa duk sun tafi. Saura mutum ɗaya, wani Sada da ya koyi aiki a hannun Isaiah, amma Sulemanu ya gan shi a tasha zaune cikin mutanen nan masu farautar 'yan Gabas, yana gyara musu mota. Na ce a'a. Gara in ci gaba da lalube har farcena ya zube da in kawo wannan gidana.

Gwaggo ta gano mu. Ƙanwar uban Amos ce, katanga ɗaya ta raba mu, ita ba ta bi mu majami'a ba, tana nan da sallarta. Ta shigo ina kwashe tuwo, ta dubi kwano ta ce, "Ke kaɗai, malmala uku? Ciki gare ki?" Na ci gaba da kwashe tuwona. Daidai nan Judith ta yi tari a rumbu.

Gwaggo ta dubi rumbu, ta dube ni. Ta fita. Na ce shi ke nan, mun mutu. Jim kaɗan sai ga ta da kunun kanwa da saiwar maganin tari a ƙullin zane. Ta ce, "Ɓerayen rumbunki sun kamu da mura. A ba su da ɗumi." Ta zauna tana jan carbi.

Asabar, 8 ga Oktoba, azahar

Dole in rubuta wannan.

Su huɗu daga cikin mutanen nan suka zo da hantsi. Biyu na san su, biyu baƙi ne. Suka ce mota suke so, akwai ƙauyukan da za su zaga. Na ce ta lalace. Babbansu ya ce kawo makulli mu gani. Na ba shi. Suka murɗa, shiru. Suka zura ƙarfen nan na tada inji ta gaba suka yi ta juyawa har ɗaya ya gurɗe hannu. Suka tura ta har bakin rijiya, suka turo ta baya. Ko tari ba ta yi musu ba.

Da suka gaji sai suka shigo cikin gida neman ruwa, suka zauna a inuwar rumbu. Inuwar rumbun dawa. Ɗaya har ya jingina bayansa. Ni kuwa na san tarin yarinyar nan ba ya wuce ɗan lokaci bai taso ba. Na jawo turmi kusa da su na hau daka iya ƙarfina. Mai jinginar ya leƙa ya ce, "Ke, me kike daka haka? Ai babu komai a turmin." Na ce, "Kanwa ce, ta manne a gindi. Ko za ka karɓa ka taya ni?" Sauran suka yi masa dariya. Ina ji ta yi tarin sau biyu a ƙarƙashin ƙarar taɓarya, sannan ya ɗauke kamar an toshe mata baki.

Malam Lawal maƙwabcinmu ne ya fitar da su. Ya yi sallama da butarsa a hannu, ya gaishe da biyun nan da sunan iyayensu, ya tambayi lafiyar kowace uwa a tsanake. Sannan ya ce, "Gidan da maigida ba ya nan ne kuka shigo har tsakar gida?" Suka tashi suna karkaɗe riga. Babban ya ce za su dawo ran Alhamis da makanike.

Maigadi dai ya yi aikinsa. Ya hana ɓarayi, ya hana mu. Ban san ko in gode wa Isaiah ko in yi masa Allah ya isa ba, kuma ina jin kunyar rubuta haka.

Lahadi, 9 ga Oktoba, safe

Ban je sujada ba. Na sake bin ƙarƙashin kujera, wurin da na bi sau ɗari. Babu labarin Amos.

Litinin, 10 ga Oktoba, la'asar

Malam Lawal ya tsaya bayan danga kamar yana duba akuyarsa. Bai kalle ni ba ya ce, "Maman gida, in da ni ne da wani abu a rumbu, da ban bari ya kai Alhamis ba. An ce za su duba ko'ina. An kuma ce jiragen da ke kwasar mutane a Zariya sun kusa ƙarewa." Ya ja akuyarsa ya tafi.

Motar da za ta cece su ita ce take jawo mana mutane ƙofar gida.

Gwaggo ce ta kawo dabara. Ta ce za ta raka Maman Judith Zariya da ƙafa ta Danja da Hunƙuyi, kwana biyu ko uku. Za ta ɗaura mata zane irin namu, ta lulluɓe ta, ta ɗora mata ƙwaryar daddawa. Duk wanda ya tambaya, surukarta ce. Suruka kuwa ba ta buɗe baki a gaban uwar miji, kowa ya san wannan, babu mai jin Hausarta balle ya gane.

Na ce yarinya fa? Judith jikinta zafi rau, ba za ta iya tafiyar yini ɗaya ba, ta kuma yi girma da goyo. Ga shi in ta tsorata yaren uwarta ke fita daga bakinta. Gwaggo ta ce, "In suka tafi tare, za a kama su tare." Na ce a ƙara mini kwana ɗaya, wallahi zan samo makunnin nan. Gwaggo ta ce, "Kwana tara kina samowa."

Maman Judith ce ta yanke. Ta ce a nan aka haifi yarinyar, bakinta na nan ne, in ta zauna cikin yaran ƙauyenmu babu mai ganewa. Ta ce in ta isa za ta aiko, ko ta dawo da kanta in an yi sanyi.

Talata, 11 ga Oktoba, sassafe

Sun tafi gari na wayewa. Ta yi wa yarinyar kitso da hannunta kafin su fita, tana yi mata magana a hankali da yarensu, ban ji ko kalma ɗaya ba. Sai ta kamo hannun Judith ta sa cikin nawa ta ce, "Liatu, ba ta cin kuɓewa." Abin da ta ce ke nan. Ta ja lulluɓi ta bi bayan Gwaggo, ba ta waiwayo ba.

A gaban mutane sunanta Barakatu yanzu, 'yar ƙanwata daga Musawa. Na sa ta maimaita har ta iya.

Laraba, 12 ga Oktoba, azahar

Judith ta yini a gindin tsani tana kallon bakin rumbu.

Alhamis, 13 ga Oktoba, bayan la'asar

Ya Ubangiji, me na yi?

Sun zo da Sada. Suka hau tsani suka leƙa rumbu, suka zazzage ɗakuna, ba su sami kowa ba. Suka wuce Judith tana tsintar wake a faifai, ɗaya ya ce 'yar waye, ta ce, "Barakatu ce, daga Musawa," ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Sada ya buɗe gaban mota, ya daɗe yana kallo bai taɓa komai ba. Sannan ya rufe ya ce musu injin ya mutu, sai an kawo kaya daga Kano. Suka yi ta ashar suka fita. Shi ya tsaya wanke hannu, na zuba masa ruwa ina kau da kai don ba na son ganin fuskarsa. Sai ya yi ƙasa da murya ya ce, "Aikin maigidana ne, na san hannunsa. Ban san inda ya sa makunnin ba, amma ba sai an sani ba. Waya ɗaya zan ja ta bayansa, a tura ta, ta tashi. Su ne ba zan ja wa ba." Ya saci kallon Judith. Ya ce, "Ni na je kiran ungozoma ranar da aka haifi yarinyar can. In akwai wanda za a kai wani wuri, da kin aiko mini tun farko."

Waya ɗaya. Tun Alhamis ɗin da ta wuce aka faɗa mini sunansa na ce a'a. Ni na ce a'a, da bakin nan nawa.

Juma'a, 14 ga Oktoba, da magariba

Sada ya dawo shi kaɗai da safe. Kafin in gama ɗaura wa Judith kallabi ya ja wayarsa, shi da Malam Lawal suka tura, mota ta kama. Sulemanu ya ja, ni da yarinya a gaba. Duk macen da muka hango da ƙwarya a ka sai na ce tsaya.

A Hunƙuyi muka sami Gwaggo zaune a zauren wasu mutane, ƙafafu sun kumbura kamar tulu. Ta ce har nan suka iso lafiya, sau biyu aka tare su, sau biyu ta ce surukarta ce mai kunya. Da ƙafa ta gaza, jiya da safe ta haɗa ta da wasu mata masu kai itace Zariya. Daga nan ba ta sani ba.

Tashar Zariya ba zan iya kwatanta ta ba, kuma ba na so. An ce jirgi ya tashi jiya da yamma, ba a san ranar wani ba. Na ɗauki Judith a kafaɗa ina kutsawa cikin waɗanda suka rage, ina kiran Maman Judith, Maman Judith. Wani ma'aikaci mai takarda a hannu ya tausaya mini ya ce, "Baiwar Allah, faɗi sunanta in duba, ko an rubuta." Na buɗe baki na tsaya. Kwana goma sha biyu tana rumbuna, ina miƙa mata tuwo, ina kwashe mata bayan gida, ban san sunanta ba. Ya ce to sunan garinsu. Ban sani ba. Na tambayi Judith yaya sunan mamanki. Ta ce, "Mama."

Muka ɗauko Gwaggo muka dawo.

Lahadi, 16 ga Oktoba, safe

Zazzaɓin ya sauka. Na manta na sa kuɓewa a miya, ta ci ba ta ce komai ba.

Talata, 18 ga Oktoba, la'asar

Amos ya dawo. Da ƙafa, babu keke, an aske masa kai, hannun hagu a ɗaure da tsumma. Na rungume shi a tsakar gida a gaban Gwaggo, kunya ta bi ta kanta. Na tambaye shi ina ya shiga, ya ce wani wuri aka tsare su. Na tambaye shi Isaiah, ya ce in sa masa ruwan wanka.

Da ya ci abinci na gaya masa komai. Na ce yaya sunan matar? Ya ce Maman Judith yake ce mata. Na ce garinsu fa? Ya ce Isaiah ya taɓa faɗa, wani gari ne bayan babban kogi, sunan ya ɓace masa. Shekara takwas suna cin goro ɗaya.

Can ya miƙe ya ce, "Zo in nuna miki inda makunnin yake. Na karya alkawarin." Na ce riƙe abinka, Amos. A gabansa na faɗi sunan, ya tsaya yana kallona. Na ce ranar da nake bukatarsa ta wuce. Ya fita shi kaɗai ya zauna cikin motar, har yanzu bai shigo ba.

Laraba, 19 ga Oktoba, hantsi

Ina tsefe wa Judith kitson, don ya tsufa ya fara cin kanta, ta riƙe hannuna ta ce kada in warware na gaba, Mama ce ta yi. Na bar shi. Sai ta ce, "Inna, yaushe jirgin zai dawo da ita?"

Na ce mata gobe.

Alhamis, 20 ga Oktoba, safe

Ta tashi tun kafin ni, ta wanke fuska, ta ɗaura kallabi da kanta. Tana zaune kan matakin mota.